Kaushi

Shekara arba'in da ɗaya nake goge dutse a Carrara,
ni Nedo, ɗan Ovidio mai fasa tsauni.
Ubana ya yanko, ni in lallashe shi da ruwa da yashi
har mutum ya ga hancinsa a ciki.
In dutse ya zama madubi, a biya ni.

Bara sai ga wata yarinya daga Milano,
Ersilia, igiyar awo a wuya,
mai tsara wa masu kuɗi ɗakuna.
Ta wuce duk abin da na goge, ko kallo babu,
ta zaga bayan rumfa inda muke jibge ɓaraguzai,
ta dafa wani ɓari mai kaushin harshen kyanwa,
ta ce, "Wannan. Kada ka taɓa shi."

Na ce, "Ai ba a gama ba."
Ta ce, "Shi ya sa."
Kuɗinsa ya ninka na mai sheƙi.
Wanda ya daɗe ya ga daɗau.

Na bi kayan har bene hawa na tara.
Daɓen falon fari fat, santsi kamar an zubar da mai.
Aikina ne. Na gane jijiyar nan mai ruwan toka
da ta karkata hagu kamar hanyar garinmu.
Suka kafa mai kaushin a bango,
suka sa fitila a ƙarƙashinsa
don kowace tsaga ta haifi inuwa.
Maigidan ya ce yana jin ƙamshin tsauni.
Bai taɓa hawa tsauni ba, takalminsa ya faɗa mini.

Ɓari guda bai rufe bangon ba.
Sauran ukun ni na yi su:
na ɗauki lafiyayyen dutse, da guduma da kurfi,
kwana shida ina ƙera masa rashin gyara.
Ban gaya wa kowa ba.

Dorina mai sharar gidan ce ta gano.
Ta ce tsummanta a guda ɗaya kawai yake maƙalewa,
sauran suna sakinsa da ladabi.

Na sauko da yamma.
A bakin ƙofa na dubi tafin hannuna,
fari da gari, duk kanta da faso.
Dutse ya ba ni kaushinsa a hankali,
ya karɓe santsin da uwata ta haife ni da shi.
Ba wanda ya ce zai sa masa fitila.