Ruwa Biyu

Sun zo Wurno da farar mota,
suka kafa rumfa a gindin darbejiya,
suka raba huluna masu tambarin banki.
Tawa ta yi mini kaɗan.

Wani yaro, Shafi'u, mai igiya a wuya,
ya ce bankinsu ya ɗauki alkawari:
ba wanda za a ba bashi
sai an karantar da shi abin da bashi ke nufi.
Muka tafa.
Ya yi magana daga hantsi zuwa azahar,
rabi Turanci, rabi gumi,
lasifika na tari kamar tsohon jaki.
Aka ce mu ɗaga huluna sama,
aka ɗauki hoto.
Ashe hoton ne karatun.

Ni Arzika, shekara talatin ina noman albasa.
Na san ruwa.
Na san sa'adda gulbin Rima ke ja da baya,
na san ƙasar da ke shanye guga goma ta ce ƙaro.
Don ruwa na je gare su,
injin ban-ruwa nake so, dubu ɗari biyu.
Shafi'u ya ce kashi biyar kacal.
Na dubi yatsun hannuna ɗaya, biyar ne,
ba su ba ni tsoro ba.
Na dangwala babban a tawada.

Sun ce za su dawo bayan wata uku
su ga yadda muke riƙon littafi.
Wata uku ya zo shi kaɗai.
Saƙon waya ne bai taɓa saɓa alkawari ba,
kowane ƙarshen wata yana sallama
tun kafin ladan.

Altine, autata, ita ta ɗauko takardar
daga ƙarƙashin tabarma, inda na ɓoye ta don gara.
Ta karanta, ta yi shiru,
ta shiga rudu ta kwaso albasa a zane.
Ta jera ashirin.
Ta ce, Baba, wannan shi ka karɓo.
Ta ɗauko ɗaya ta aje gefe: wannan na watan farko.
Ta ƙara ɗaya. Ta ƙara.
Na ce ke, ya isa.
Ta ce bai isa ba, sai sha biyu.
Kashi biyar ɗin na wata ne, ba na shekara ba.

Na zauna ina duban albasata
tana sa ni hawaye ba a yanka ta ba.
Abin da lasifika ta kasa tun hantsi
ɗiyata ta gama shi kafin shayi ya huce.

Na biya, ba zan yi musu ƙarya ba.
Na sayar da buhu tara tun da ɗanye,
lokacin da albasa ba ta da daraja a kasuwa,
da tunkiyar uwar Altine.
Ba su sace ni ba, komai na rubuce.
Sai dai wanda ya ce zai riƙe maka fitila
ya ba ka hula.

Yanzu in an idar da la'asar
ina shimfiɗa buhu a ƙofar Nomau mai faci,
in jera ashirin, in ce wa masu niyya su ƙirga.
Jatau ya fasa. Modi ya karɓa, amma ya san me ya karɓa.

Bana ma motar ta dawo, da sabon yaro.
Ya ce kashi huɗu kacal.
Na ɗaga hannu, ba hula ba.
Na ce, ɗana, a wata ko a shekara?
Ya duba takardarsa.
Ya daɗe yana dubawa.