Ƙaron da Ya Rage

Ran Alhamis na kai jikka ashirin ta ƙarshe.
Alhaji ya lasa yatsa, ya ƙirga har sau biyu,
ya miƙo takardun mota cikin baƙar leda,
ya ce, "Nomau, yau kam taka ce."
Shekara huɗu da wata uku.
Na yi godiya, na fito,
ban ɗauki fasinja ba har gida.

Da safe na tsaida ta gindin dogon yaro,
nan Bagalam, ƙofar gidanmu,
na dubi rubutun da ke goshin gilashi,
rawaya bisa kore, daga kunne zuwa kunne:
ƊAN JIMMA DA ƳAƳANSA.
Ni ba ɗansa ba ne.
Amma ta ƙarƙashin sunan nan na ga hanyar Tibiri,
na ga Jiratawa, na ga shingen Ɗan Isa,
kowace asuba shi ke riga ni ganin gari.

Na sa farce a kusurwa.
Ɗ ta taso salin-alin,
A ta tsage biyu,
J ta ce sai dai a kashe ta nan.
Rana ta dafa ledar, ta zama kamar ƙanzo,
tana ɓarewa ƙanana-ƙanana, tana shiga ƙarƙashin farce.

Kafin hantsi harufa sun ƙare.
Sai ga abin da ban yi lissafi da shi ba:
takarda ta tafi, ƙaro ya zauna.
Sunan na nan, ba launi, toka-toka,
ƙuda ya sauka bisa M, ya kasa tashi.

Na kawo ruwan zafi da omo, ya yi mini dariya.
Yaron mai faci ya ce lisansi,
na tsiyaya a tsumma, na goga,
ƙaron ya narke ya bazu,
abin da ke tafin hannu ya koma zira'i.
Reza kuma, na ji ta yi ƙara sau ɗaya,
gabana ya faɗi, na aje ta.
Gilashin nan yanzu in ya tsage
ba wanda zan je in faɗa wa.

Cima na daga zaure tana kallo,
ta shiga, ta fito da ƙaramar kwalba,
man gyaɗar da take toya ƙosai da shi.
Ta ce, "Shafa, ka bar shi ya kwanta.
Abin da ya shekara huɗu yana riƙo
ba da faɗa yake saki ba."

Na shafa. Na zauna bisa benci.
Na sha shayi, na ji labarun rediyo,
hannuna na ƙaiƙayin komawa.
Da na tashi na sa babban yatsa,
sai ƙaron ya mulmule,
baƙi-baƙi kamar dattin wuya,
yana zubowa bisa kan mota ba musu.

Vinyet da asiransi na can kusurwar dama,
su ban taɓa su ba.
Waɗannan ba Alhamis ɗin da ake gama biyansu.

Na wanke da sabulu, na goge da tsohuwar jarida.
Wurin ya fi sauran gilashin haske,
wata doguwar taga
da yashi bai taɓa gurza ba.
Ta nan na hango reshe, da tsuntsu bisa reshe,
ashe duk shekarun nan akwai sama a wurin.

Ɗiyata Barira ta zo da littafin makaranta,
ta zana abin da za mu liƙa:
NOMAU DA ƊIYATAI, da fure a kowane gefe.
Na ninke takardar na sa aljihun gaba.
Na ce, "Bari dai ya sha iska tukuna."

Na tada mota.
Tana warin ƙosai har tasha.