Naɗin Takarda

Ni ne Mannir mai gyaran waya,
rumfata na kallon titin Ƙofar Ƙaura.
Da can idona kan hango lahanin da bai kai ƙafar sauro ba,
in ɗiga dalma inda bakin allura ke ta da baya.

Wiwi da sallama ta shigo mani,
daren Alhamis kaɗai, a bayan kango,
zuƙa biyu, a yi dariya, a watse.
Sai Alhamis ta jawo Asabar,
Asabar ta kira sauran 'yan'uwanta,
har na nemi ranar da babu ita, na rasa.

Kafin shayin safe, ita.
Kafin in buɗe kwaɗon rumfa, ita.
In ban sha ba, tuwo ƙasa ne a bakina,
barci ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi shigowa,
zufa ta jiƙa matashi,
in daka wa Zulai tsawa don ludayi ya faɗi.

Na sayi maganin ɗigawa saboda jan ido,
turaren ɗari biyu saboda warin riga,
duk wanda ya tambaya in ce mura ce.
Wace mura ke shekara uku?
Tarina kan riga ladan ta da maƙwabta,
kaki baƙi kamar gindin tukunya,
ina zaune, ƙirji na gudu shi kaɗai.

Ranar da Alhaji Dikko ya zo karɓar wayarsa
na rantse na ba yaronsa tun jiya.
Ta yi ƙara a aljihuna.
Bai ce komai ba. Bai kuma dawo ba.

In mutum biyu sun yi raɗa a gindin bedi
sai in ce da ni suke.
Har rediyon mai faci na ji yana kiran sunana,
na ce masa ya kashe, ya ce ai babu batir.

Duk wannan bai ishe ni ba.
Rumasa'u ce, ɗiyata, mai shekara huɗu.
Na shigo gida da la'asar
na iske ta yage takarda daga littafin yayarta,
ta murza tsakanin yatsu, ta lashi gefen,
ta sa a baki, ta lumshe ido,
ta yi ɗan tarin ƙarya.
Ta ce, Baba, dubi, na iya.

Zulai na tsaye riƙe da faifai.
Da ma zagina ta yi.

Bishir mai shayi ya goya ni a babur da safe,
na rufe fuska da hula kamar mai bashi.
Likitar ba ta yi wa'azi ba.
Ta tambayi nawa a rana, tun yaushe, na faɗa,
ta sa abin sauraro a ƙirjina ta daɗe.
Ta ce huhu ya sha wuya, amma muryar rediyon nan
ita ce ƙararrawar da ba a jira ta buga sau biyu.
Ta ce makonnin farko za su yi ɗaci,
ka sauya wurin hira, ka dawo ran Talata,
ko ka faɗi, ka dawo.

Na faɗi a kwana na tara.
Na koma. Na faɗa mata da bakina.

Yau kwana arba'in da ɗaya da sabon ƙirge.
Har yanzu in iska ta biyo ta bayan kango
hancina kan juya kafin ni.
Ban ce na warke ba.

Jiya an yi ruwa, kwata ta cika ta batse,
Rumasa'u ta kawo mani takarda.
Yatsuna suka fara murzawa da kansu.
Na tsayar da su.
Na ninke, na sake ninkewa,
ya fito jirgi, ɗan karkatacce,
muka bi shi da gudu har bakin lungu.