Jaka Ɗari Bakwai

A Garwa na gan ta, bayan la'asar,
a shagon Hamajoda, cikin akwatin gilashi,
kwance kan jan ƙyalle kamar agogon attajiri.
Tsawonta bai wuce tafin hannuna ba.
Harsashinta ƙwayar gyaɗa ce da aka sa wa hular tagulla.

Na ce, nawa?
Ya ce, jaka ɗari bakwai, Tanimu, ban da kuɗin takarda.
Na yi dariyar da ta tsaya a haƙora.
Buhun albasa nawa ke nan?
Na ƙirga a zuci, na ɓata a talatin, na koma fari.

Ya ce, ɗauka ka ji.
Na ɗauka. Sanyinta ya bi jijiya har gwiwar hannu,
ta zauna a tafina kamar dama can gidanta ne.
Ba ta girgiza hannu, in ji shi, ba ta toshe kunne,
kukanta kamar an karya kara a bayan ɗaki.
Ƙaramin goro ai ya fi babban dutse.

Sai daren hanyar Pitowa ya dawo mini:
kututture a tsakar titi, fitila a ido,
mutum biyar, kowa da doguwa a kafaɗa.
Na kwanta rub da ciki, ƙasa a bakina,
suka kwance ɗamarar da na ɗaure guminmu na rani.
Tun ranar nake barci da kunne ɗaya.

To, da tana aljihuna a daren?
Ƙwayar gyaɗa gaban masu zuba wuta kamar ruwan Agusta?
Mu goma sha ɗaya muka kwanta a titin nan.
Ɗaya ne ya miƙe.
Shi muka yi wa sutura da hantsi.

Na ce zan yi shawara.

A gida Ɗanjuma na tsugune bakin adakata,
shekara shida, ba kwaɗon da ya gagare shi.
Ya gano sukarin uwarsa a cikin tulu,
ya gano tabaran da na nema wata biyu.
Ina ramin da zan haƙa wanda yatsunsa ba su sani ba?
Ladidi ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba,
ta ce, injin ban-ruwanka fa tari yake tun sallah.

Gaskiyarta.
A bakin Binuwai tsohon yana huci, yana tofar da baƙin hayaƙi,
fangali arba'in sun buɗe baki suna jira.
Albasa ba ta san tsoron da ke cikina ba,
ƙishirwarta kawai ta sani.

Ran Lahadi na saya wa gona sabon maƙogwaro.
Canjin ya yi wa yaro takalmi,
ragowar na tura ta waya, ban ƙara ɗaura ɗamara ba.

Amma kada in yi muku ƙarya.
In na bi ta gaban shagon, ƙafata kan rage sauri.
Tana nan kan jan ƙyallenta, ba wanda ya taya.
Hamajoda ya ɗaga gira, ni kuma in ɗaga hannu,
hannun nan da har yau
bai manta nauyinta ba.