Kantar Malama Bara'atu

A tsakiyar bazara ta kira ni,
rana na dukan kwano, Kurna duk ta yi laushi.
Ta ce, "Tasi'u, kanta nake so, can sama kusa da silin,
inda babba ma sai ya taka benci."
Na ce, "Malama, ko gajimare babu,
wa ke zancen ruwa?"

Ta nuna min bango. Shatin bara na nan,
daidai ƙugun ɗan aji uku.
"Nan ya tsaya. Rajista ta zama kunu.
Gida talatin aka sauke a azuzuwa,
ban ga laifinsu ba, ina za su?
Benci shida suka shiga murhu,
zango guda ya bi kwata.
Da muka buɗe, Sagiru na wankin babur a bakin titi,
Kubura an kai ta ƙauye wurin kaka.
Har yau ina kiran sunansu,
aji ya yi shiru."

Na fara buga ƙusa, ita tana lissafi a fili:
sakamakon yara a bokitin fenti mai murfi,
alli a leda biyu,
lambar wayar kowace uwa, kwafi ɗaya a jakarta.
Ta je gun Alhaji Inuwa mai rumfunan biki
ta karɓo alkawarin uku, in ta ɓaci, ba haya.
Hajiya Tabawa ta ba da garejinta na kan tudu,
da sharaɗin kada a taɓa mata mangwaro.

Ran Asabar muka fito da shebur
muka yashe kwalbatin bayan katanga:
ledar ruwa, tsohuwar taya, silifa ƙafa ɗaya.
Majalisar mai shayi na dariya,
wai malama ta yi mafarkin teku.
Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba a fafe gora ran tafiya."

Yanzu marka ce. Tun isha'i ake yi.
Ina kwance ina jin lungu na kurɓa,
ban sani ba ko kwalbatin zai iya.
Zulai ta rataye rigar makarantarta
a ƙusa mafi tsayi, ba wanda ya ce ta yi.

Da asuba ta taɓa ƙafata:
"Baba, yau akwai?"
Na ce, "Akwai. In ba a aji ba, a rumfa.
Nemo takalminki."