Ɓawon Lemo a Valparaíso

Ximena ta rubuta sharuɗɗanta a bayan takardar kuɗin wuta:
dogo, mara surutu, mai cika alkawari.
Sai ga Eleodoro, gajere,
baki kamar rediyon masunta,
ya makara da minti ashirin.

Suka zauna a matakalar tudu,
gidaje masu launi na gangarawa teku
kamar an kifar da kwandon wanki.
Yana ta labarin injin jirgin ruwa,
tana lissafin hanyar gudu.

Can ya ciro lemo daga aljihu,
ya ɓare da babban yatsa, a hankali,
ɓawon bai tsinke ba.
Ya miƙo rabi, ko kallonta bai yi ba.

Nan abin ya shige ta,
ta wata ƙofa da ba ta san ta bari a buɗe ba.

Kwana uku wayarta shiru.
Ta ce ko a jikinta.
Ta sake wanke kwanukan da ta wanke.
A kasuwa mai lemo ya ce, na nawa?
Ta tsaya shinshina,
amsa ta ɓace mata.

Takardar wutar kuwa,
ta biya, ta jefar.