Rakiyar Kande Mai Abinci

Saƙon ya same ni hannuna dumu-dumu da baƙin mai,
ina kwance injin wani a bakin titin Birget.
Sale Tela ne: "Bayan azahar, ƙofar gidan Kande.
Kowa ya zo da mansa."

Dokarmu ke nan tun farko:
kowa da mansa, ba oda, ba gudu,
ba karɓar ko ruwan leda a gidan rasuwa.
Mu goma sha bakwai ne,
in Ɗanjummai ya samu aron taya.

Mun raka Kofur Ilu da ya baro yatsu uku a Laberiya.
Mun raka Saje Mantau,
wanda aka samu takardar fansho a aljihunsa na gaba,
ta sha ninki har ta yi laushin tsumma.
Ba a harba musu bindiga ba, ba a busa komai ba.
Mu ne busarsu,
mu da tsofaffin baburanmu masu tari.

Amma Kande?
"Ai ba soja ba ce," in ji wani a bayana,
yana goge madubi da hular kansa.

Sai Samanja Barmo ya doka sandarsa a ƙasa.
"Shekara goma sha ɗaya muna layin tantancewa,
rana na gasa mu kamar masara a bakin tasha.
Wa ya zuba mana shinkafa da wake ba ko sisi?
Littafin bashinta ya fi rajistar bataliya cika.
Ni ina shafi na huɗu. Ban biya ba.
Da ciwo ya kwantar da ita
ta sa jikarta ta hura murhu da shi.
Ku nuna min mai igiyar da ta kai wannan."

Ba wanda ya tanka.
Sale ya taka kik, muka taka.

Kabbara huɗu, aka sa makara a motar unguwa.
Muka jera bibbiyu, fitila a kunne tsakar rana,
giya ta ɗaya, tafiyar mai ɗauke da ƙwai.
Barmo na bayana, ya damƙi rigata.
Ban san mutum na iya rashin nauyi haka ba,
kamar na goyo damin kara.

Ta Gwagwarwa muka bi.
'Yan adaidaita, da ba sa ba uban kowa hanya,
suka raɓe gefe ɗaya bayan ɗaya.
Mai rake ya ajiye wuƙa ya ɗaga tafukansa.
Wani yaro da tiren gyaɗa ya biyo mu da gudu:
"Wane babba ne ya rasu?"
Barmo bai ko waiga ba.
"Kwamanda," ya ce.

A ƙofar maƙabarta muka kashe.
Shirun ya faɗo mana gaba ɗaya,
ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe yana hucewa.
Muka karɓi makara kafaɗa zuwa kafaɗa,
makanike, tela, mai faci, malamin firamare,
muka jera itace, muka kwaɓa ƙasa,
hannuna ya bar baƙin mai a jikin tulu.

Da liman ya shafa, jama'a suka juya,
tsohon ya jingine sandar a ƙirjina,
ya haɗa duga-dugansa, ya sara.
Hannun na rawa. Bai sauke ba
sai da na ƙirga ashirin a zuci.

A hanyar komawa, daidai Kwanar Jaba,
maina ya ƙare.
Na sauka ina turawa, shi yana ɗingishi a gefena.
Can ya ce, "Ranar tawa fa,
ka cika tankin nan."
Na ce to, Samanja.
Ya ce, "Ban da bashi."
Muka yi dariya har muka tsaya hutawa
a gindin wani dalbejiya,
la'asar na kira daga masallatai uku.